Dokin da ya yi magana a littafi, ya yi shiru a fim

A shekarar 1982 wani marubucin Ingila mai suna Michael Morpurgo ya fitar da ƙaramin littafin yara da ya kira War Horse, wato Dokin Yaƙi. Labarin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, sai dai mai ba da labarin doki ne, sunansa Joey. Shi ke cewa "ni" tun daga ranar da aka raba shi da uwarsa a kasuwar dabbobi yana ɗan duƙushi har ranar da ya koma gida. A ƙarshen 2011 Steven Spielberg ya mayar da littafin fim mai tsawon minti 146, fim ɗin da ya shiga takarar kyautar Oscar a fannoni shida. Wanda ya karanta littafin sannan ya kalli fim ɗin zai tarar da bambance-bambance birjik, manya da ƙanana. Idan ya bi diddiginsu kuma zai ga kusan duka daga tushe ɗaya suka tsiro: alƙalami yana iya shiga zuciyar doki, kyamara kuwa iyakarta fatarsa.

Ina karantar da yara Turanci da yamma a unguwarmu nan Gadarif, a ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tabarmar ta cika da yaran da suka zo daga Hartum da Madani, yaran da suka san ƙarar igwa da kunnensu. Da su muka bi littafin nan, in karanta shafi da Turanci in mayar musu da shi Hausa, wani lokaci in cike da Larabci saboda waɗanda Hausarsu ta yi rauni. Da muka kai ƙarshe muka kalli fim ɗin a kwamfuta, da fassarar Larabci a ƙasa. Yawancinsu fim ɗin suka fi so. Ni littafin na fi so, kuma ina ganin shi ya fi yi wa yaro irin namu adalci, duk da cewa akwai wuraren da fim ɗin ya yi masa fintinkau.

Ƙashin labarin ɗaya ne. Wani manomi a yankin Devon na Ingila ya sayi ɗan doki, ɗansa Albert ya rene shi suka shaƙu. Yaƙi ya zo, uban ya sayar da dokin ga sojan dawakai. Aka haye da shi Faransa, ya faɗa hannun Jamusawa, ya zauna a gonar wata yarinya marainiya mai suna Emilie da kakanta, ya ja igwa, ya ɓace a tsakanin ramukan yaƙin ɓangarorin biyu, daga ƙarshe ya sake haɗuwa da Albert.

Me ya sa Morpurgo ya ba doki alƙalami? Yana zaune a wani ƙauye mai suna Iddesleigh, inda ya riƙa hira da tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu. Ɗaya daga cikinsu tsohon sojan dawakai ne, ya gaya masa cewa dokinsa yake faɗa wa tsoronsa da damuwarsa, abin da ba zai iya faɗa wa abokan yaƙinsa ba. Kuma Morpurgo da matarsa suna da gonar da suka buɗe a 1976 don kawo yaran birni su ga rayuwar karkara. A nan ya ga wani yaro mai i'ina, wanda ba ya buɗe baki a gaban mutane, ya tsaya a barga da dare yana zuba wa wata goɗiya zance ba gargada. Daga waɗannan biyu dabarar littafin ta fito. Joey ba irin dabbobin tatsuniyarmu ba ne da ke mayar wa mutum magana. Ba ya ce wa kowa komai. Saurare yake yi, mutane kuma suna sakin baki a gabansa saboda sun san ba zai kai su ƙara ba. Hafsan Ingila ya gaya masa cewa yana tsoron mashin-gan zai gama da dawakai. Yarinyar Faransa ta gaya masa tana yi masa addu'a. Tsohon sojan Jamus ya gaya masa cewa yaƙin nan hauka ne. Duk a kunnensa harshe ɗaya ne. Doki bai san tuta ba, bai san wa ya fara ba. Abin da ya sani shi ne wane hannu ne mai taushi, wane ne mai bulala, wa ke tuna ba shi ruwa. Ta wannan hanya yaro mai karatu yake ratsa yaƙin gaba ɗaya ba tare da an nuna masa wanda zai tsana ba.

Wannan ne ba ya ɗaukuwa a fim. Shi kansa marubucin ya yi shekaru yana ƙoƙarin mayar da littafin fim abin ya faskara. Da aka kai shi dandalin wasan kwaikwayo a Landan a 2007, sai aka yi dawakan da sanduna da ƙyalle, aikin wani kamfanin Afirka ta Kudu mai suna Handspring, mutane uku na motsa kowane doki, aka kuma cire muryar Joey. Spielberg da marubutansa biyu, Lee Hall da Richard Curtis, su ma suka cire ta. Ban ga laifinsu ba. Doki na gaske yana tsaye a allo ana jin muryar mutum tana fassara tunaninsa, abin dariya zai zama. To amma da muryar ta tafi sai ta bar rami, kuma abin da aka cike ramin da shi ne ya sauya labarin.

Tun daga sayen dokin ake ganin haka. A littafi uban Albert ya saye shi ne a buge, kan gini 3 (gini tsohon kuɗin Ingila ne), don kawai ya ƙuntata wa wani maƙwabcinsa manomi. Mutum ne mai zafin hannu wanda bashin gona ya danne, kuma shi ne mutum na farko da Joey ya ji tsoro. Babu wani mugu a gefe. A fim an ƙirƙiro mai gona, Lyons, mai karɓar haya mai girman kai, aka ɗaga kuɗin dokin zuwa gini 30 don uban ya kunyata shi a bainar jama'a. Nan take mai kallo ya sami wanda zai ƙi. Shi kuma uban aka wanke shi: tsohon soja ne da ya yi yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, abin da ya gani can ne ya jefa shi shaye-shaye, har da wata ƙaramar tutar rundunarsa da matarsa ta ɓoye. Albert ya ɗaura wa Joey tutar nan, ta bi shi hannu zuwa hannu har ƙarshen fim. Dabara ce mai kyau ta riƙe zaren labari, tunda babu muryar da za ta riƙe shi. Amma dokin da aka gina littafi a kan cewa ba shi da tuta, ga shi an ɗaura masa ita a ragama.

Haka batun huɗa. A littafi caca ce uban ya yi da maƙwabcin cewa dokin zai ja garma cikin mako guda, Albert ya koya masa a gefen tsohuwar goɗiyarsu Zoey, aka wuce wurin cikin shafuka kaɗan. A fim an mayar da shi gagarumin taro, gona mai duwatsu, mutanen ƙauye sun yi dafifi a bakin shinge, ruwa na zuba, kiɗan John Williams na tashi, bakin garma ya tsaga dutse biyu. Yaran sun yi tafi a nan. Daga wannan wuri Joey ya tashi daga doki ya zama gwarzo.

Sai sukuwar farko, inda dole a sara wa Spielberg. A littafi layuka kaɗan ne: Joey na gudu, ya ji bayansa ba nauyi, ya gane mahayinsa Kyaftin Nicholls ya faɗi. A fim baraden Ingila sun hau dawakansu a cikin dogayen ciyayi, suka zare takubba, suka afka wa sansanin Jamusawa da sassafe, Jamusawan suka ruga bakin daji inda suka jera mashin-gan. Kyamara ta nuna barade suna tahowa, ta juya ta nuna bakin bindigogi suna aman wuta, sannan ta nuna dawakai suna tsallake bindigogin da sirdi babu kowa a kai. Ba a nuna jini ba, ba a kuma bukatar nuna shi. Spielberg da ya yi fim ɗin yaƙin nan Saving Private Ryan a 1998 ya san yadda ake zubar da jini a allo, amma a nan ya san akwai yara a cikin masu kallo.

Wannan wurin ya taɓa ni ta wata fuska da ban tsammanin masu fim ɗin sun yi tunaninta ba. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Karari kusa da Umdurman, bindigogin Maxim da igwa na rundunar Kitchener, kwamandan Birtaniya, sun kashe mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, kimanin 10,000 cikin safiya ɗaya, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka yi wa dawakan Sakkwato irin haka a Giginya. Ranar 27 ga Yuli na shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yiwo gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Da yawa daga cikinmu jikokin wannan tafiya ne. Abin da baraden Ingila suka tarar a Faransa a 1914 shi ne abin da sojojinsu suka yi wa kakanninmu shekara 11 ko 16 kafin nan. Darasin yana gabansu, a hannunsu ma aka rubuta shi, amma sai da ya faɗo kan 'ya'yansu. Na tsayar da fim ɗin na gaya wa yaran wannan, domin sirdin nan da babu mahayi tarihinsu ne su ma.

Bayan wannan sai hanyoyin biyu suka rabu sosai. A littafi an ba Joey wani sabon mahayi, Warren, ɗan maƙeri da bai iya hawa sosai ba amma ya iya kula da kofato. Suka yi hunturu guda tare kafin sukuwa ta biyu, inda aka kama su. Jamusawa suka sa Joey da abokinsa, wani baƙin ingarma mai suna Topthorn, jan keken ɗaukar masu rauni. Aka girmama su, har wani soja ya ba su lambar yabonsa aka rataye ta a ƙofar barga. Da yamma Emilie da kakanta ke karɓarsu su share musu laka. Fim ya share Warren da duk wannan, ya kawo wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Gunther da ƙanensa Michael mai shekara 14, waɗanda suka gudu daga runduna a kan dawakan, aka kamo su aka harbe. Dalilin ƙirƙirarsu a fili yake. Tunda mutum ba zai tsaya yana yi wa doki doguwar magana a allo ba, sai an ba shi wani mutum da zai yi wa. Kuma harbin nasu an ɗauke shi da basira: fiffiken injin niƙa mai aiki da iska ya gifta ya rufe su daidai lokacin da bindigogi suka tashi, da ya wuce suna ƙasa.

Sai dai a lura da inda nauyin ya karkata. A fim Jamusawa ne ke harbe yara, su ke wawushe gonar tsoho, su ke aikin dawakai har su mutu. An sa mutanen kirki a cikinsu, an kuma nuna sojan Ingila da aka umarta ya harbe duk ɗan'uwansa da ya juyo da baya, don haka ba zan ce fim ɗin ya yi son kai ƙiri-ƙiri ba. Amma tarihi ya nuna Birtaniya ta harbe sojojinta 306 kan gudu daga fagen fama da laifuffuka irinsa, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Da muka gama kallo wani yaro ya ce mini, "Ustaz, ashe Jamusawan ne mugaye." Lokacin da muke karanta littafin babu wanda ya faɗi haka. Yaron da ya baro gidansu da ƙafa yana neman wanda zai ɗora wa, kuma duniyar da yake ciki tana miƙa masa sunayen ƙabilu da garuruwa kullum. Mu Hausawan Sudan mun san abin da ke biyo baya idan aka yi wa jama'a kuɗin goro. Littafin da zai ratsa da yaro cikin yaƙi ya fito da shi bai koyi wannan ba, ni a wurina yana da daraja ta musamman.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne babin jan igwa, kuma ƙarfinsa jinkiri ne. Dawakai shida a ɗaure, hunturu, laka har gwiwa, abinci na raguwa, ba barga. Joey yana ba da labarin yadda fata ke saɓulewa, yadda tari ke kama Topthorn, yadda abokan jansu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a harbe su a bar su gefen hanya. A nan ne tsoho Friedrich ya shigo, mahauci ne a garinsu kafin yaƙi, sojoji na kiransa mahaukaci saboda yana magana shi kaɗai, shi kuwa yana gaya wa dawakan cewa shi kaɗai ne mai hankali a rundunar. Topthorn bai mutu da harsashi ba. Sun sha ruwa a rafi, suna hawowa tudu, ya yi tuntuɓe ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya don gajiya. Aka fara ruwan bama-bamai, Friedrich ya mutu a gefensa. Joey ya tsaya kan gawarwakin biyu bai motsa ba har sai da tankokin yaƙi suka firgita shi.

Akwai wani dattijo mai karo da ke kawo mana ruwa a ganga, ya kan tsaya ya sha shayi idan ya tarar muna karatu. Ranar da muke wannan babi ya zauna har ƙarshe. Na ce, "Baba, haka doki ke mutuwa?" Ya ce, "Haka ne, Ustaz. Jaki ya kan tsaya ya ƙi tafiya, ka yi ta duka ba zai motsa ba. Doki kuwa ba ya ƙi, ja yake yi har ya faɗi." Sannan ya ɗaga wuyan jakinsa ya nuna wa yaran inda igiya ta cinye gashi, da tsumman da ya naɗa don kada ta kai ga nama. Tun da man fetur ya yi tsada aikin dabbobin nan ya ninku, su ke jan ruwa, su suka kwaso kayan mutane da tsofaffinsu daga garuruwan da aka gudu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ma haka ya kasance. Ana kiyasta dawakai da alfadarai da jakuna miliyan 8 ne suka mutu, kuma yunwa da cuta da sanyi da gajiya sun kashe kaso mai yawa daga cikinsu. Yawancinsu ba su taɓa yin sukuwa da barde a baya ba, dako suka yi.

Fim ba shi da lokacin wannan jinkiri. Ya tsallaka zuwa 1918, ya nuna wata ƙatuwar igwa ana jan ta kan tudu, doki ya faɗi an harbe shi, aka zo za a ɗaura Topthorn mai ciwon ƙafa, sai Joey ya ƙwace ya rugo ya tsaya a madadinsa. An ba dabba niyyar mutum da sadaukarwar mutum. Abin mamaki shi ne littafin da ya ba doki harshe ya bar shi a dokinsa, yana tsoro, yana jin yunwa, yana neman inuwar abokinsa, fim ɗin da ya hana shi harshe kuma shi ya mayar da shi mutum. Har tsallake tankar yaƙi ya yi, ya keta ramuka cikin dare wuta na tashi ta ko'ina, sojoji suna kiransa dokin al'ajabi. An yi amfani da dawakai 14 wajen fitar da Joey, kuma kowane hoto nasa yana sheƙi.

Haɗuwar sojoji biyu a kan dokin tana nan a duka biyun, kuma ita ce zuciyar labarin. A littafi Joey ya ji rauni a ƙafa, hazo ya yaye ya gan shi a filin da ke tsakanin ramuka. Wani Bajamushe ya ɗaga farin ƙyalle ya fito, wani ɗan yankin Wales ya fito daga ɗaya ɓangaren, suka yi 'yar hira da guntun Turancin Bajamushen, suka jefa kwabo sama don a san mai doki. A fim waya mai ƙaya ta naɗe Joey tun daga wuya har ƙafa, sai da su biyun suka durƙusa da almakashin ƙarfe suna shawarar wace waya za a fara yankewa don kada ta tsinke ta yanke shi. Wannan ƙari ne mai kyau ƙwarai, domin ya ba hannayensu aiki tare, kuma ido na ganin abin da littafi sai dai ya faɗa. Rauninsa ɗaya: tun farkon fim Jamusawa da Faransawa Turanci suke yi a tsakaninsu, don haka mamakin jin abokin gaba yana magana da harshenka ya riga ya zube. Yaranmu da ke sauya harshe tsakanin gida da titi sun lura da wannan kafin in faɗa.

A haɗuwar Albert da dokinsa littafin ya fi natsuwa, ya kuma fi kama hankali. Albert ya shiga rundunar likitocin dabbobi ne da gangan, don ya san nan ne doki mai rauni zai biyo. Aka kawo wani doki da laka ta rufe, shi da abokinsa David suna wankewa, David na faɗa masa abin da ke fitowa: jan gashi, fararen ƙafafu huɗu, farin tabo a goshi. Albert ya ƙi yarda har sai da ya yi kukan mujiya da hannuwansa kamar yadda ya saba kiransa a gona. Bayan nan ma ba a huta ba, cutar tetanus ta kama Joey, muƙamuƙinsa ya sandare, aka yi makonni ana ɗura masa abinci mai ruwa ana kwana a kansa. David kuma bam ya kashe shi ana dab da gama yaƙi. A fim Albert sojan ƙasa ne, iskar guba ta rufe masa ido, an ɗaga bindiga za a harbe Joey, sai ga kukan mujiya daga cikin taron masu rauni, jama'a ta dare biyu. Yana sa hawaye, na ga yaran suna share ido. Amma sa'a ce tsagwaronta. A littafi yaron ya yi dabara, ya yi haƙuri, ya yi jinya.

Gwanjon ƙarshe ya nuna bambancin a fili. An gama yaƙi, hukuma ta ce dawakai ba za su koma gida ba, a sayar da su a Faransa. Sojoji suka yi karo-karo don su sayi Joey, wani mahauci ya fi su tayi, kakan Emilie ya fito ya fi mahaucin. A fim fam 100 ya jefa lokaci guda, kowa ya yi tsit. Ya tafi da dokin, sai tutar nan ta fito daga aljihunsa, Albert ya ce ta ubansa ce, tsohon ya mayar masa da doki da tuta. Yaro ya koma gida sama ta yi ja jawur, ya miƙa wa ubansa tutar, soja ya gaisa da soja. A littafi tayin ya tsaya a fam 28, duk abin da talaka zai iya. Tsohon ya ce jikarsa ta rasu tana da shekara 15, ba wanda ya rage da zai tuna ta idan shi ma ya tafi. Ya sayar wa Albert dokin kan kwabo ɗaya, da sharaɗin ya riƙa ba mutanen garinsu labarinta. Fim ya rufe da sulhun uba da ɗa a kan tutar runduna. Littafi ya rufe da amanar sunan wata yarinya da ba ta riƙe bindiga ba, wadda yaƙi ya cinye iyayenta da ɗan'uwanta, ya kwashe dawakan da take so, ta bi su da ciwo. A tabarmata akwai yaran da ke ɗauke da irin wannan amana. Wata yarinya ta tambaye ni, "Ustaz, ya cika alkawarin?" Na ce mata littafin da ke hannunta shi ne cikawar.

Mahaucin nan da ke tsaye a gwanjo ba ƙirƙira ba ce. Adadin da Morpurgo ya sha ambata shi ne dawakai kimanin miliyan 1 suka bar Birtaniya, 62,000 kacal suka dawo. Waɗanda suka tsira daga wuta da yawa an sayar da su ga mahauta da manoma a Faransa da Beljiyam. Waɗanda suka yi yaƙi a Masar da Falasɗinu kuma a can aka sayar da su. A 1930 wata Baturiya mai suna Dorothy Brooke, matar wani hafsan dawakai, ta iso Alƙahira ta tarar da tsofaffin dawakan rundunar ƙasarta suna jan kaya a tituna, sun haura shekara 20, ƙashi da fata. Ta rubuta wasiƙa a wata jaridar Landan a 1931, jama'a suka aiko da kuɗi, ta sayi kimanin 5,000 daga cikinsu. Yawancinsu sun riga sun lalace, abin da aka iya yi musu shi ne 'yan kwanaki na ciyawa da inuwa sannan a hutar da su. A 1934 ta buɗe asibitin dabbobi kyauta a Alƙahira, domin ta gane masu dawakan talakawa ne da ba su da kuɗin magani. Asibitin yana aiki har yau, kuma jakuna da dawakan masu karo ne yawancin marasa lafiyarsa.